Na Manta Usur a Baki

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa usur ɗin da ka bar mini ya sha jini ranar Asabar. Jinina ne.

Wasan ƙarshe ne na ƙwallon kwando, yaranmu na Birnin Kudu da na Gwaram, ni ne alƙali. Saura daƙiƙa uku, Gwaram na baya da maki ɗaya, sai wani dogon yaronsu ya bangaje mai tsaronsa da kafaɗa ya jefa ƙwallo a raga. Na busa, na soke. Da idona na gani, ko gobe ma haka zan busa.

Ka san wa ke horar da Gwaram yanzu? Habu ɗan Zandam. Amininka, wanda ya shiga kabari ya karɓe ka da hannunsa.

Kai ka koya mini: "In koci ya taso maka, cire usur daga baki, mai da hannayenka baya, ka bar shi ya gama." Na mai da hannaye baya, Yaya. Usur ɗin ne na manta a baki.

Habu bai zo magana ba. Naushi ɗaya ya kai mini, ƙarfen usur ɗin ya daki haƙorana na gaba, biyu suka zube kan siminti. Wallahi na so in fasa masa kai. Hannun dama yana fizga, na hagu yana riƙe da shi kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Kafin in tofar da jinin, 'yan kallonmu sun cika filin. Duwatsu, katakon benci, wani har da sarƙar babur. Suka kayar da Habu suna tattaka shi, goshinsa ya fashe. Na tabbata in na ƙara minti ɗaya a tsaye, gawa za a mayar Gwaram.

A nan na saɓa maka, na saki hannayena. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina. Katakon da aka ɗaga masa, a gadon bayana ya karye. Ina kwance a kansa ina busa, jini na fita ta cikin usur, har suka ja da baya.

Kada ka ce na yi halin kirki. Haushinsa nake ji har yanzu, tuwo ma da ƙyar nake ci. Amma hannun da ya naushe ni shi ne ya kwantar da kai a makwancinka, ba zan tsaya a karya shi a gabana ba.

Jiya ya zo gida, kai naɗe da bandeji. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta ƙi amsawa. Ya daɗe yana kallon giɓina, can ya ce, "Da Sale ne, da ya cire usur ɗin tukuna." Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga yana kuka. Ni ma na yi. Tun ranar jana'izarka ba mu yi kukanka tare ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Mu kuma ya sanyaya mana zuciya.

Ƙanenka mai giɓi,
Isiya