Kaset Mai Warin Albasa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, tare da ladabi da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ne na Abijan. Da haka kike kirana, don haka da shi zan gabatar da kaina.

Akwai wani zaure da muke da shi a waya, mu masu haukan kayan sauti. Yawancinsu yara ne a kaina. Sun dame ni da tambaya ɗaya: a duk kayan da na tara, wanne ne ya fi biyan kuɗinsa? Na daɗe ina ja musu rai. Daga baya na ga amsar ba za ta fito ba sai ta wajenki, shi ya sa na rubuto miki, su kuma su zauna daga gefe su ji.

Kin tuna kaset ɗinmu? Lokacin waya ba ta iso ƙauye ba. Ina kwana a wani ɗakin haya a Bromakoté, da rana ina dakon buhunan albasa a kasuwar Adjamé. Malam Idi, direban motar albasa, shi ne gidan wayarmu. Ki je gidan maƙwabta a ara miki rakoda, ki yi maganarki, a naɗe kaset ɗin a tsumma a ba shi. Kafin ya iso hannuna ya sha warin albasa har ya ƙoshi. In saurara, in danna jan maɓalli, in amsa miki a kan maganarki. Ke ma in ya koma ki yi taki a kan tawa. Kaset ɗaya tal, yana kai da kawo tsakanin Nijar da bakin teku.

Sau ɗaya na yi gwaninta na aiko miki da sabo. Kika dawo da shi ko ledarsa ba a ɓare ba, a tsohon kuma kika ce, "Kuɗi ka je nema ko ɓarna? Wancan ɗin me ya same shi?" Daga ranar ban sake ba.

Yaran zauren nan da aka haifa a Abijan ba lalle su gane abin da zan faɗa yanzu ba. Ni ɗan fari ne, kuma ke macen da ce, mai kara. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ina ƙarami ni ne "yaron nan". Da na girma na zama "wancan". Da na taho nan na samu ƙarin girma, na zama "na Abijan". Ƙannena kina kiran sunansu har da na wasa, ni kuwa ko tuwo za ki miƙo mini sai kin kau da kai. Ban taɓa zargin ba kya so na ba. Amma ina jin kishinsu, Inna, yau dai na faɗa.

Sai ranar da Malam Idi ya kawo na ƙarshe. Na saurara a bakin rumfa, motocin gbaka na ta oda, yaran mota na ihun neman fasinja, na manna rakodar a kunnena. Kin yi maganar gero da akuyar da ta haihu, kin yi tari. Sannan kika ce, "Salifu, ka riƙa cin abinci."

Na mayar baya na sake ji. Na sake mayarwa. Ƙato da ni, buhu a gefena, ina share ido da gammo, abokan dako suna tambaya ko mutuwa aka yi.

A ranar Malam Idi zai juya. Na danna jan maɓalli kamar kullum, domin kowa haka yake yi, kuma haka kika hore ni. A raina na ce tunda baki ya buɗe, zuwa na gaba ma za ki faɗa. Daɗi ya cika ni, na yi ta zuba har na kusa cinye fuskar kaset ɗin. Malam Idi ya isa gida ya tarar an riga an kai ki. Ya dawo mini da shi a cikin tsummansa, ba wanda ya saurara.

Na yi shekaru ban taɓa shi ba. Na bar dako na buɗe rumfata, na yi aure, na koma Belleville a Treichville. Wata rana ina kwashe kaya na ci karo da shi, na ce bari in ji yadda nake magana ina saurayi. Sai na ji wani abu a ƙarƙashin muryata. Ashe tsohuwar rakodata ba ta gogewa da kyau. Duk inda na tsaya jan numfashi, kina nan can ƙasa kamar mai magana a bayan katanga. Ba a jin kalmomin, amma ke ce.

Daga nan hauka ya fara. Na ce idan na samu na'ura mai kyau, za ta tono mini ke.

Na fara da irin kayan da ke cike da fitilu masu walƙiya, na gane ido suke yi wa aiki, ba kunne ba. Na koma bin kayan gwanjon Turai, waɗanda a nan ake ce wa "France au revoir". A lungunan Adjamé na samo tsohuwar amfilifaya mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda mai ita ya ɗauka ta mutu, alhali fis ne kawai ya ƙone. Na samo lasifika biyu na katako, gefensu ya ɗaɗɗaye amma muryarsu garau. Na sayi na'urar kaset irin ta gidan rediyo. Na koyi wanke kanta da auduga, na koyi canja bel, na koyi janye lasifika daga jikin bango don kada sauti ya cushe. Mutanen gida suka ce Alhaji ya zama ɗan kiɗa da tsufansa. Ba su san duk falon nan saboda kalma ɗaya aka cika shi ba.

Kin san abin da kayan nan suka yi mini? Sun fito da ni. Duk na'urar da ta fi ta baya kyau, sai muryata ta ƙara fitowa tangaran, ke kuma kina nan inda kike. Ina jin haɗiyar yawuna. Ina jin odar gbaka a bayana. Daidai wurin da kika kira sunana, na san wurin sarai, ni kuma a nan nake ba ki labarin fankar da na saya, wai tana juya kai da kanta. Ko numfashi ban ja ba a wurin. Wani lokaci ji nake kamar in shiga cikin lasifikar in toshe wa yaron nan baki.

Akwai wani mai gyara a unguwar Arras, Bakari, mutumin kirki. Ya karkata kan na'urar, ya rage nan, ya ƙara can, ya sa abin ji a kunne ya daɗe yana saurare. Da ya cire sai ya ce, "Vieux père, dattijo, akwai mace a ciki, amma ba za ta fito ba." Ko sisi bai karɓa ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa laimar garin nan ta ci zaren, duk juyin da na yi masa ina kankare abin da ya rage.

'Yata, takwararki, ita ma ta gwada. Ummi muke ce mata, don ni ma bakina ba ya iya faɗin sunanki, kin ga abin ya bi jini. Faransancinta ya fi Hausarta, amma tana da tausayi. Ta kwafe kaset ɗin a kwamfuta, ta ce akwai dabarar da ke wanke hayaniya a bar magana. Ta wanke hayaniyar tsaf, ta wanke ki tare da ita. Ta dube ni ta ce, "Papa, y a rien, babu kowa." Da ta ga fuskata sai ta ce wataƙila ita ce ba ta iya ba. Ta iya, Inna.

Yanzu kunnena na hagu ya fara nauyi. A masallaci sai na juya na dama nake jin liman. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara manta yadda kika faɗe shi. Na san kalmomin, amma ko kin ja ƙarshen sunan ne ko kin datse shi, ko da murmushi ne ko da gajiya, ya soma ɓace mini. In na rufe ido na kira shi a raina, muryar Ummi nake ji, wani lokaci ma tawa. Ba ni da sauran dabara, kuma na daina yi wa kaina ƙarya cewa akwai wata na'ura a gaba.

Don haka ga amsar da yaran nan suke jira, ki ji ta tare da su. Amfilifayar ta biya kuɗinta, lasifikan ma haka, wanda yake son kiɗa ya nemi irinsu ba zai yi nadama ba. Amma sayayyar da ta fi kowace, ban yi ta ba. Sabon kaset ne guda ɗaya, ga mai sayarwa nan a tsallaken rumfarmu a ranar, kuɗinsa bai fi na farantin garba ba, abincin rogo da kifi na garin nan. Da a kansa na amsa miki, na ajiye naki. Da ya tarar da ke, da kin yi faɗa, na sani. Da yanzu ina da faɗan ma a ajiye.

Abu ɗaya ya tsira. A can ƙarshen zaren, inda surutuna ya ƙare, akwai ɗan guntun da ban hau kansa ba. A nan muryarki take fes, ko a rakodar batir ana jin ta. Ba da ni kike ba, da masu rakodar kike. Kin ce, "Ya ɗauka? To a kashe, kada batir ya ƙare."

Shi ke nan abin da kika bar mini, kuma kullum na kunna shi ina ƙara cinye shi. Yau da hantsi na saurara sau ɗaya. Na naɗe kaset ɗin a tsummansa, har yanzu in na kai hanci ina jin ɗan warin albasa, ko kuma ni nake ganin haka. Na zare wayoyin daga bango. Na kashe, Inna. Kuma ina cin abinci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna saboda wahalar da kika sha a kanmu. Idan Ya ƙaddara mun haɗu a can, ba na roƙon doguwar hira. Ki kau da kai in kina so, amma ki sake kira na sau ɗaya.

Ɗanki na Abijan,
Salifu