Gamanar Mata Ta Nutse a Taron da Ba Su Halarta Ba

Zuwa ga Mai girma Shugaban shirin gyaran ƙasa da tsare ruwan ƙoramu a yankin Adar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali da abokan aiki.

Ni ɗiyar wani ƙauye ce a yankin Garhanga, cikin gundumar Keita. Bara na kammala karatun ilimin ƙasa a jami'a, kuma har yanzu ban samu aiki ba. Na daɗe ina jinkirin wannan wasiƙa, domin ƴan'uwa sun ja min kunne cewa mai neman aiki ba ya taɓa masu ba da aiki. Ina jin tsoron hakan, ba zan ɓoye ba. Saboda haka zan tsaya ga abin da na gani da idona, inda kuma labari aka ba ni zan faɗa.

Mahaifiyata tana cikin ƙungiyar matan ƙauyenmu. Su ne suka yi shekaru suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa a kan fako, suna haƙa ramukan rabin wata, har ciyawa ta dawo inda da ko akuya ba ta tsayawa. Da aka ji shirinku zai gina ƙaramin baraji, wato madatsar ruwa, a ƙoramarmu, babu wanda ya kai su murna.

Na ɗaya, batun taro. Kun kira taron jin ra'ayin jama'a a Keita, kuma gaskiya ne takardar gayyata ta ambaci ƙungiyar mata. Na karanta ta a gidan maigari. Amma a ƙasanta an rubuta cewa za a mayar wa kowa kuɗin mota bayan ya iso. Mai girma Shugaba, wanda ake mayar wa kuɗi shi ne wanda yake da su tun farko. Mota ba ta shiga garinmu sai ranar kasuwa, taron kuwa bai faɗo ranar kasuwa ba, sai dai a ɗauki shatar kabu-kabu. Asusun ƙungiya babu kome a lokacin, an raba shi rancen iri tun farkon damina. Ga shi ana tsakiyar roron wake, macen da ta bar gona yini guda sai ta sa wani a madadinta. Matan sun zauna sun yi shawara, suka rasa mafita. Waɗanda suka je su ne maigari da magidanta masu babur.

Na biyu, tambayar da aka yi a wurin. Ban halarta ba, ina Tawa a lokacin. Baffana, ƙanen marigayi mahaifina, wanda ya je a madadin gidanmu, shi ya ba ni labari, kuma wasu biyu sun tabbatar. An shimfiɗa taswira, aka tambaya su wa ke da gonaki a bakin ƙorama. Kowane maigida ya faɗi tasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Sai dai a wurinmu, ban da gandun gida, maigida yakan yanka wa matarsa ɗan yanki, shi ake kira gamana. Ita ke noma shi, amfanin nata ne, amma ba a kiran wurin da sunanta a gaban taro. Gamanar matanmu kusan duka suna jere a gefen ƙorama ta gabas, inda ƙasa ta ɗan yi kwari. Nan suke shuka kuɓewa da yakuwa da wake. A idon maigida, wannan wuri gefen gona ne kawai, ba abin da za a tsayar da taro a kansa ba. Shi ya sa da injiniya ya ce ruwa zai ɗan kwanta ta gabas, aka ce ba kome.

Na uku, abin da ya biyo baya. Barajin ya yi aiki, ba zan tauye muku wannan ba. Dawar manyan gonaki ta yi kyau, rijiyoyi ba su ƙafe da wuri ba. Amma ruwan farko da ya cika shi ya juya gabas, ya kwanta a kan gamana, ya janye ya bar rairayi. Na je na tsaya a gamanar mahaifiyata bayan damina, na tura sanda ban taɓa baƙar ƙasa ba. Tun rasuwar mahaifinmu, daga wannan yanki take yi mana miya, daga nan ta riƙa aiko min da guzuri ina makaranta. Na karanta abin da ake kira tuntuɓar jama'a a aji, na ci jarrabawa a kansa, ban taɓa zaton haka yake ƙarewa a ƙofar gidanmu ba.

Na tambaye ta ko tana fushi da Baffa. Ta ce a'a, shi abin da aka tambaye shi ya amsa. Sai ta ce: “Ba mu ƙi gini ba, ɗiyata. Mu muka san inda ruwa ka bi, ba a dai tambaye mu ba.”

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne mun ji za a yi baraji na biyu a ƙasan na farko, kuma za a kira wani taron bayan girbi. Ragowar gamanar da ta tsira tana daidai wurin. Matan sun riga sun fara cewa ba za su ƙara ɗaukar dutse ba, tunda su ake tunawa ranar aiki, a manta da su ranar shawara. In ƙungiyar ta watse, ban san wanda zai riƙa gyara jerin duwatsun fako ba duk lokacin da ruwa ya fasa su.

Ga roƙona. A ware wa ƙungiyoyin ƙauye kuɗin halartar taro, a danƙa musu a hannu kafin ranar, har da abin da za su ba wanda zai tsaya musu a gona. A ba su ɗan abin da za su yi nasu zaman tukuna, su fitar da matsaya da bakin da zai faɗe ta, domin macen da ba ta saba ba ba za ta miƙe a gaban surukinta ta yi masa gyara ba. In zai yiwu a kawo taron cikin gari, a yi shi da Hausa da Buzanci, don matan makiyayan da ke shayar da dabbobi a ƙoramar su ma su ji. Sannan a riƙa tambayar wanda ke noma wuri, ba wanda ya mallake shi kaɗai ba, injiniya kuma ya taka bakin ƙoramar tare da matan kafin ya ja layi.

Gamanar mahaifiyata ta tafi, ita ma ba ta sa ran dawowarta. Bana a kan tudu ta shuka kuɓewarta, cikin tsakuwa. Na rubuto ne saboda matan da tasu ba ta nutse ba tukuna, kuma ranar taron tana matsowa.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya sa aikinku ya amfani na sama da na ƙasan ƙorama, ya kare ku daga ɗaukar haƙƙin wanda ba ku sani ba. In na yi kuskure a wani wuri, ina neman gyara da afuwa.

Wassalam.

Taku mai girmama ku,
Rakiya, daga yankin Garhanga.