Maɓallin Ribas

Detroit, Janairu 1963

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau.

Motocin garejinmu da maɓalli ake sa musu giya. Saita wayar giyar aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne maɓallin ribas, ɗaya ya shiga ƙarƙashin mota. Abokina Orval ya danne, na shiga. Maigida ya daka masa tsawa, "Kai malalaci, zo sayar da fetur!" Ya saki ban sani ba, saiti ya kauce. Bayan na fito aka tayar da motar a firi, ashe tana ribas, ta zabura baya. Ina bayanta.

Asibitin da tsabta. Kada ki tsine wa Orval, kullum yana gefena yana kuka.

Safar da kike saƙa min, Mama, ƙafa ɗaya ta isa.

Ɗanki,
Delmer