Gwiwata da Bidiyon Lasifika

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau dai na ba Lasifika jan kati. Kocin makarantar bayan tashar mota, wanda ko gaisuwa zai yi sai an jiyo shi a titi. Tun da aka take wasa yake bina da baki: ba na gani, ba na ji, a saya mini tabarau. Da ya tako cikin fili yana nuna ni da yatsa a gaban yara, na ce to, tura ta kai bango. Doka ta ce wanda aka kora ya bar harabar makaranta gaba ɗaya, kuma ba zai zauna a wasa na gaba ba. Ya fita yana bambami. Wallahi har iska ta fi daɗi.

Abin da ban gaya wa kowa ba: bayan hutun rabin lokaci ƙafata ta faɗa wani rami kusa da kusurwa, na ji gwiwa ta ce ƙas. Na cije na ci gaba. Haka aka koya mana, alƙalin wasa ba ya ɗingishi a gaban yara, da sun ga ka raunana wasa ya kuɓuce maka. Na busa usur na ƙarshe, na taka har bakin titi kamar ba komai. Sai a cikin mota na yi hawayena.

Litinin, 6 ga Oktoba

Gwiwa ta kumbura kamar kabewa. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, sai an yi aiki, in ba haka ba, ni da gudu har abada. Da ya faɗi abin da za a kashe, Baban yara ya cire hula ya mayar. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ƙungiyarmu ta alƙalan wasa tana da inshora, don irin wannan ranar muke biya. Na ji sanyi a raina.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ashe da sauran rina a kaba. Ma'aikacin inshora, mutum mai ladabi har ya ba ka haushi, ya ce suna ɗaukar raunin da aka ji tsakanin usur na farko da na ƙarshe ne kawai. "Malama, wa ya ga lokacin da abin ya faru?" Na ce ni. Ya yi murmushi. Wai ba ƙaryata ni yake ba, amma mutum kan zame a matakalar gidansa ma.

Talata, 14 ga Oktoba

Na kira mataimakana biyu, na kira kocin ɗaya makarantar. Kowa sai yabo: ai ba ki nuna ba ko kaɗan, ai ke jaruma ce. Jarumtar da za ta bar ni da sanda. Tsoro nake ji, gaskiya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da la'asar Baban yara ya leƙo ya ce ina da baƙo. Lasifika! Da ledar lemu a hannu, ya ɗosana a bakin kujera, murya ƙasa-ƙasa har sai da na ce ya maimaita.

Ya miƙo mini wayarsa. Ashe ranar bai fita ba. Zagayawa ya yi ya hau ajin bene, ya tsaya a taga yana ɗaukata bidiyo, wai zai kai wa kwamitin gasa shaidar ina son kai. Ga ni nan ina gudu, ƙwallo na tafiya, ƙafa ta shiga rami, na yi tangaɗi na miƙe. Ga kuma muryarsa a bayan hoton tana wanke ni tas.

Na ce, "Malam, ka san in ka kai wannan, ka kai kanka ƙara? Sauran wasannin bana duka za su hana ka."

Ya ce ya sani. Tun da ya ji labarin yake ɗora yatsa kan gogewa yana janyewa. Yaransa ba su taɓa zuwa inda suka zo bana a gasar ba. "Uwargidana ce ta ce in ban kawo ba, in nemi inda zan riƙa cin abinci."

A bakin ƙofa ya juyo. "Amma fenaretin nan da kika hana mu ranar, Malama, har gobe ban yarda ba."

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ya kai wa kwamiti da inshora bidiyon.

Talata, 21 ga Oktoba

Inshora ta amince! Na ajiye waya na yi sujada a zaune, yadda gwiwa ta bari. Baban yara sai dariya yake yana share ido.

Kwamiti kuma ya dakatar da Lasifika har ƙarshen gasa. Na kira shugabanmu na roƙa a sassauta. Ya ce, "Ke ce fa kullum mai cewa doka ba ta san sabo ba." Na yi masa sallama kawai.

Laraba, 29 ga Oktoba

An yi aiki shekaranjiya. Likita ya ce in na bi motsa jiki yadda ya dace, zan koma fili. Ciwo kam akwai, amma irin wanda ake godiya a kansa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yaran Lasifika sun kai wasan ƙarshe. Na je ne don in sha iska kawai, zaman ɗaki ya ishe ni. Wani malamin lissafi aka ɗora a bencinsu, bawan Allah da kowa ya buga sai ya tafa.

Lasifika kuwa ko ƙofar makarantar ba a yarda ya zo ba. Na kira shi don in gaya masa an fara, shi ke nan. Sai wayar ta zauna a kunnena har aka tashi. Umarninsa ban kai wa kowa ba. To, sau ɗaya. Baban yara ya ce wai har na ɗaga sanda ina ce wa alƙali ya buɗe idonsa. Ban tuna haka ba.

An ci su ɗaya da nema, ana dab da tashi. Da yana wurin, da ya canja mai tsaron bayan nan da ya gaji tun tuni. Ni na sani, shi ma ya sani. Na gaya masa an ci su. Sai ya ce, "Yaya gwiwar?"

Na ce da sauƙi. Ban iya ƙara komai ba, murya ta ƙi fita. Baban yara ya ce ihun da na yi ne. Na bar shi a haka.