Aladu Huɗu da Maƙwabcinmu Meshak

Madakiya, 9 ga Agusta

'Yata Irene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Idona har yanzu ba ya ɗaukar ƙananan rubutu, saboda haka littafin sauraro da kika sa mini a waya ya zama abokin hirata. Na kai inda likitoci ke bincikar gawa su gano abin da ya yi kisa.

Sai dai akwai damuwa. Yau da rana aladunmu huɗu suka mutu. Kawunki Wilfred ya rantse maƙwabcinmu Meshak ne ya sa musu guba, saboda rigimarmu kan iyakar gonar citta. Ranar Litinin za mu kai ƙararsa gaban dagaci. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na yarda.

Babanki,
Andrawus

Madakiya, 13 ga Agusta

'Yata Irene,

Ina sake gaishe ki, da fatan tarin ƙaraminku ya yi sauƙi. Ba mu je wurin dagaci ba.

Da na gama waccan wasiƙar na koma sauraro, sai aka ba da labarin wani mai bincike da ba ya tambayar wa ke ƙin mamaci sai ya san abin da mamacin ya ci. Na hana Wilfred binne aladun, na kira malamin dabbobi daga Kafanchan. Ya farke cikinsu, ya tarar da ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci, maƙil.

Irene, ni na zuba musu. Mamarki ta tafi taron zumuntar mata ta bar mini kiwon. Ashe shanya ɓawon da take yi kwana uku ba don tsabta ba ne, gubar take kashewa. Shekara talatin ina wuce shanyar nan ban taɓa tambaya ba.

Na je na roƙi Meshak gafara. Ya riga ya ji zancen, har ya goge rigar da zai sa gaban dagaci. Sai ya kawo mini kujera. Asara ce, amma tun ranar numfashina ya dawo daidai.

Gobe mamarki za ta dawo. Meshak ya ce tunda rigar a goge take, zai sa ta ya raka ni tasha, domin yanzu ni ke buƙatar mai roƙa mini gafara a wurinta.

Ki gaida kowa.

Babanki mai ƙaunarki,
Andrawus