Hoton Maryamu a Ɗakin Zinariya

Fordham Road, 3 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu, kai da Mama da 'yan ikkilisiyarka. Tunda ba ka ɗaga wayata, na koma takarda.

Na san abin da ya fitar da kai daga gidana ranar da muka binne 'yata Talatu: hoton Maryamu uwar Yesu da ka gani a ɗakina. Shekara huɗu ina bincike a jami'a kan yadda Kiristocin farko suka fara kiran sunanta, kuma karatu ne kawai a wurina. Sai da sikila ta kwantar da Talatu na tuna wata yagaggiyar takarda da aka samo a Masar. Addu'a ce a jiki, wasu suna roƙon uwar Yesu ta ɓoye su daga bala'i. A gefen gadon asibiti na ji bakina yana maimaita ta.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Zinariya

Park Hill, 12 ga Maris

Zinariya,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Ni ma na yi makarantar tauhidi, na san taron Afisa inda bishop-bishop suka kira ta Uwar Allah. Amma matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu. Da hannunsa kakanki ya fasa tukwanen tsafi kafin a yi masa baftisma. Da kika roƙi Maryamu, ta tayar miki da Talatu? Sauke hoton nan ki zo gida.

Mahaifinki, Fasto Ishiyaku

20 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Ba ta tayar da ita ba. Azuminka na kwana bakwai ma bai tayar ba. Yanzu ba na roƙon kowa, jami'ar ma na daina zuwa.

Na bar hoton a bango ne don Maryamu kaɗai ce ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta tsaya tana kallon ɗanta yana mutuwa, ba abin da ta iya. Ina jin abin da ya kai mutanen farko wurinta ke nan, tun ba a yi taron Afisa ba.

Ka zo ka zauna da ni, ko ba ka ce komai ba.

Zinariya

2 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki. Ranar Alhamis na shiga jirgin ruwa na tsallako, na kai har ƙofar gininku, na kasa danna ƙararrawa.

Dattawan ikkilisiya sun dakatar da ke daga cin Jibin Ubangiji saboda hoton nan. Ni na karanta sanarwar.

Allah ya kiyaye ki.
Babanki