Alkawarin Nanay Sabel da Gyambon Ƙafarta

Tita Luming, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Mijina Efren ma'aikacin inji ne a jirgin dakon mai, ya daɗe yana teku. Na saba da rashinsa, yaranmu ma a waya suka fi saninsa. Bana sai kamfaninsu ya ce za su riƙa bi ta Bahar Maliya, inda ake harbin jirage saboda yaƙin da ko sunan masu yinsa ban iya faɗa daidai ba. An ba su zaɓi: wanda ba ya so, a mayar da shi gida. Efren ya zauna. Wai wanda ya sauka ba mai ce masa komai, amma zai yi furfura yana jiran a sake kiransa. Na yi fushi, na yi kuka, na haƙura.

Ba ma wannan ya sa na rubuto ba. Surukata ce, uwar Efren, Nanay Sabel, da muke gida ɗaya. Mun ɓoye mata zancen sabuwar hanyar, sai wata maƙwabciya mai shegen surutu ta fesa mata a kasuwar kifi. Ranar Juma'a ta cire silifanta a bakin ƙofa, ta taka har cocin garin da ke gaba da namu, ƙafa ba takalmi. Da ta dawo ta ce ta ɗauki panata, wato ta yi wa Uwa Maryamu alkawarin haka za ta yi duk Juma'a har ɗanta ya bar ruwan nan.

Tita, matar nan ciwon suga gare ta. Yanzu gyambo ya fito mata a tafin ƙafa, ya ƙi warkewa, ita kuwa ko zafinsa ba ta ji. Likita ya ce in ta ci gaba, maganar yanke ƙafa za a yi. Na roƙe ta har na gaji. Na kira mai keke mai ƙafa uku har ƙofar gida, ta ba shi soyayyar ayaba ta sallame shi. Cewa take in ta karya alkawari aka harbi jirgin, da wane ido za ta dube ni? Abin kunyar ma, duk Juma'ar da na ga ta fita, sai in ji hankalina ya ɗan kwanta. Ina son ta, ita ta rene mini yara.

Efren bai sani ba. In na gaya masa, ko ya sauka ya rasa aiki, ko ya zauna da hankali a rabe a gaban inji. In na yi shiru kuma aka yanke ƙafar, ba zai yafe mini ba. Yaya zan yi?

Mai Jiran Jirgi, Iloilo

Inday, 'yata,

Ki daina jayayya da Nanay. Ba taurin kai take yi ba. Yaƙin ya yi mata nisa, ɗanta ya yi mata nisa, ƙafarta ce kaɗai abin da take da iko da shi, shi ya sa ta miƙa ta. Kwanciyar hankalin da kike ji ranar Juma'a kuwa ba laifi ba ce, duk matar ɗan teku ta san ta. Amma likita ma gaskiya ya faɗa, gyambon mai suga ba ya jira.

Alkawarin da aka yi a coci, a coci ake gyara shi. Kafin Juma'a mai zuwa ki je wurin fada, limamin cocinku, ki gaya masa abin da likita ya ce. Kada ki nemi ya soke panatar, Nanay ba za ta yarda ba. Ki nemi ya musanya mata da wani abu mai nauyi wanda ba zai ci ƙafarta ba, ya kuma faɗa mata da bakinsa. Abin da ta ƙi ji daga surukarta, za ta ji daga fada. In ta dage sai an taka hanyar, ke da yara ku taka, da takalmanku, ita ta biyo ku a keke. A riƙa kai ta asibiti ana wanke gyambon.

Efren kuwa, ki gaya masa, uwarsa ce. Amma ki fara ganin fada, don ki ba shi labarin tare da maganinsa, kuma ki bari sai sun tsaya a tashar jiragen ruwa. Sauka ko zama, ki bar masa. Tsoron rasa aikin ba na banza ba ne, tsoronki ma haka, ku faɗa wa juna duka biyun ba ɓoye-ɓoye. Abu ɗaya ki roƙe shi: ya kira Nanay ya ce mata ranar da zai sauka, a tsaye yake son ya tarar da ita a filin jirgi, da ƙafafunta biyu.

Allah ya ba ta lafiya, ya dawo muku da shi ƙalau.

Tita Luming